Me Wasa Yake Koya Mana?

Ɗalibai, mutane da yawa suna ɗauka wasa ɓata lokaci ne. Ni ban yarda da wannan ra'ayi ba. A ganina, a wurin wasa ne yaro yake fara koyon bin doka don ganin damarsa.

Ku dubi dara, wadda Hausawa suke yi a gindin bishiya. Ana haƙa gurabe 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya 12. Wanda ya jera uku a layi ɗaya sai ya cire ɗan abokin karawarsa guda. Babu alƙali, babu ɗan sanda, amma kowa yana jiran lokacinsa. Haka abin yake a wasan ayo na Yarabawa, mai gurabe 12 da ƙwayoyi 48.

Me ya sa suke bin doka? Domin da zarar wani ya yi maguɗi, wasa ya lalace, nasararsa kuma ba ta da daɗi. Gobe ma ba wanda zai zauna da shi. Wanda aka cinye kuwa yakan yi haƙuri ya sake shiri, don ya san yau gare ka, gobe ga ɗan'uwanka.

Ku tuna da wannan ranar jarrabawa. Mai satar amsa kamar mai maguɗi a dara yake: ya sami maki, amma ilimin bai shiga kansa ba. Saboda haka ku yi wasa, kuma ku yi shi da gaskiya.