Gimbiyoyin Sikotilan Sun Samu Masu Ba Da Labarinsu, Ina Na Adar?

Ba sabon abu ba ne a yau mutum ya ratsa ta wajen 'yan albasa a Tsarnawa, ko layin masu kayan miya a kasuwar Ƙonni, ya tarar da salula a jingine jikin kwano tana karanto littafin soyayya, mai rumfa tana auna wa mai saye kaya amma kunnenta yana wajen Yarima da Gimbiya. A da littattafan ne da kansu suke zuwa daga Kano, su biyo ta Sakkwato da Illela ta Najeriya su tsallako mana, a saya ko a karɓi haya a karanta a mayar. Yanzu murya ce take zuwa ta YouTube da WhatsApp, wanda hakan ya sa iyayenmu da yayyenmu mata da ba su samu shiga lakwal ba su ma suka shiga sahun masu bin labari. Mu da muke aiki a gidan rediyo shaida ne, domin ranar da aka jinkirta shirin karatun littafi waya ba ta hutawa.

Ba mu zo da nufin sukar wannan ɗabi'a ba. Wadda ta wuni a rana tana ciniki tana da haƙƙin ta huta da abin da ranta yake so. Abin da yake damunmu shi ne masarautun da ke cikin waɗannan labarai ba su da adireshi. Za ka ji sarki, ka ji fada, ka ji kuyangi da dogarai, ka ji 'ya'yan sarki mata su uku kowacce da wanda take so, amma ba za ka taɓa jin sunan garin da ka sani ba, ko dutsen da ka taɓa hawa, ko shekarar da abin ya faru. Idan kuwa aka ce littafin yaƙi ne, irin wanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya yi suna a kansa, to sai a kwashe mu zuwa ƙasashen Larabawa da na aljanu. Da dare kuma a kunna mana Jodha Akbar da aka juya zuwa Hausa, har yaranmu sun fi sanin matan fadar sarkin Indiya fiye da sunan kakar kakarsu.

Bari mu ɗan leƙa wata ƙasa, ko ma ga abin koyi. A arewacin Birtaniya akwai Sikotilan, ƙasar duwatsu da sanyi da tumaki, wadda mutanen tudunta suka sha kashi a hannun sojan sarkin Birtaniya a yaƙin Culloden a 1746, har aka kafa dokar hana su sa tufafinsu na gargajiya, ba a soke ta ba sai 1782. A lokacin mutanen birni kallon 'yan ƙauye marasa wayewa suke yi musu. Sai wani marubuci mai suna Walter Scott ya fitar da littafinsa Waverley a 1814, inda ya ƙirƙiro wani saurayi ya jefa shi tsakiyar wancan tawaye, ya haɗa shi da 'yan mata biyu, ya bar yaƙin da garuruwan da shugabannin tawayen a yadda tarihi ya san su. Shekara takwas bayan haka, a 1822, sarkin Birtaniya da kansa ya je Sikotilan ya sa irin tufafin nan da aka taɓa haramtawa.

Tun daga nan kasuwa ta buɗe, kuma har yau ba ta tashi ba. Akwai tarin littattafan soyayya a Turance da ake gina su a kan 'ya'yan manyan gida mata 'yan'uwan juna, a ba kowacce littafinta, babbar ta auri shugaban wata zuriya a kan tudu, mai bi mata ta gudu daga auren dole, autar kuma ta faɗa son abokin gabar gidansu. Dabarar ciniki ce, Hajiya, irin wadda kika sani: wadda ta sayi labarin yaya ba za ta iya barin na ƙanwa ba. Wata Ba'amurkiya, Diana Gabaldon, ta rubuta Outlander aka buga a 1991 alhali ba ta taɓa taka ƙasar ba lokacin da take rubutun, aka mayar da shi fim mai dogon zango daga 2014, kuma baƙi suka riƙa tururuwa zuwa tsofaffin gidajen sarautar da aka nuna a ciki. Mai masauki ya ci, mai mota ya ci, mai saƙa mayafi ya ci, duk a kan labarin da wata ta zauna a ɗakinta ta tsara.

To mu fa? Wanda ya taɓa barin Tsarnawa ya ɗauki hanyar Tawa ya san cewa mu ma muna da tamu ƙasar tudu. Ba a banza ake cewa Adar Dutsi ba. Ga kwarin Majiya, ga garuruwan da aka kafa a gindin duwatsu saboda tsoron mahara. Ga tarihin Agabba, ɗan sarkin Agadas, wanda ya ci Adar da yaƙi a ƙarshen ƙarni na 17, ya hau gadon Agadas, daga baya ɗan'uwansa ya tuɓe shi wajen 1721, ya dawo Adar ya kafa gidan sarautar da a yau yake zaune a Illela tamu. Rigimar wa da ƙani a kan gado, ƙaura da iyali a kan raƙuma, zama cikin mutanen da harshensu da al'adarsu suka bambanta da naka: wane marubuci ne zai ce bai ga labari a nan ba? Kuma ba sai ya fara daga fanko ba, domin Farfesa Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa tun 1975, sai dai da Faransanci yake, masu jin sa kaɗan ne a cikin kasuwa.

A Maratta, nan wajen Galmi, aka haifi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a 1754, kuma Ƙonni tana cikin garuruwan farko da yaƙin jihadi ya taɓa a 1804. A 1899 ayarin sojan Voulet da Chanoine ya yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu cikin watan Afrilu, sannan ya afka wa Birnin Ƙonni a watan Mayu ya yi kisan da har yau tsofaffi suke ba da labarinsa da ƙaramar murya. A cikin wannan duka, abin da ya zama littafin hikaya da duniya ta sani shi ne Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980 da Faransanci, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Littafi guda ke nan, ya kuma isa ya sa sunan Lugu ya zagaya duniya. Ƙonni da ta fi kowa zubar da jini a wancan ayari tana nan tana jiran nata, da Hausa.

Idan kuma 'yan'uwa mata na babban gida ake nema, ba mu rasa su ba. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta auri Waziri Giɗaɗo, ta kafa tsarin 'Yan Taru inda jajoji suke fita ƙauyuka da malafa a ka suna karantar da mata, bayan rasuwarta kuma 'yar'uwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Amma a nan sai mu ja kunnen marubuta. Ba muna cewa a ɗauki waɗannan bayin Allah a sa musu kalaman soyayya a baki ba, wannan rashin ladabi ne, jama'a ma ba za su karɓa ba. Dabarar Scott ita ce ta dace: a bar manyan tarihi a matsayinsu, a ƙirƙiro ƙananan mutane a gefensu. A ba mu labarin 'yan mata biyu 'yan uwa ɗaya daga wani ƙauyen Gobir da suka bi jaji zuwa Sakkwato, ɗaya an yi mata baiko da bafatake mai zuwa Gwanja sayen goro, ɗaya kuma zuciyarta tana wajen wanda gidansu ya yi yaƙi da nasu.

Mun san akwai masu cewa littattafan soyayya ɓata tarbiyya ne, a bar maganarsu gaba ɗaya. Wannan magana ta daɗe, har ta kai a 2007 aka tara littattafai aka cinna musu wuta a Kano zamanin gwamna Ibrahim Shekarau. Ba mu musun cewa akwai na batsa, musamman yanzu da kowa yake iya rubutawa a waya ya watsa ba tare da kowa ya duba ba. Amma wutar 2007 ba ta hana komai ba, sai ma dai rubutun ya koma cikin salula inda babu mai iya ƙona shi. Kuma bai kamata a manta ba cewa a cikin wannan adabi ne Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, a cikinsa ne Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, ta faɗi abin da mata da yawa suke haɗiyewa game da auren wuri da miji mai wofintar da iyali. Yarinyar da za ta saurari soyayya za ta saurara ko mun so ko mun ƙi. Gara ta tashi daga sauraron ta san inda Alƙalawa take da abin da ya ci ta a 1808.

Akwai wata suka kuma da ta fi wannan nauyi, ita ce irin waɗannan littattafai suna yi wa tarihi kwalliya. Gaskiya ne. Yawancin littattafan soyayyar Sikotilan ba sa tsayawa a kan yadda su waɗannan shugabannin zuriya da masu filaye suka kori talakawansu daga gonaki don su zuba tumaki, dubbai suka ƙare a Kanada da Amurka. Mu ma idan za mu rubuta fada, to a rubuta ta da bayinta da ƙwarƙwarorinta, a faɗi daga ina aka kamo kuyangar da take yi wa Gimbiya fifita. Abubakar Tafawa Ɓalewa bai ɓoye cinikin bayi ba a Shaihu Umar, wanda ya fito daga gasar da aka yi a 1933, kuma hakan bai rage wa littafin daraja ba. Mu a ganinmu ma labarin kuyangar zai fi na Gimbiyar daɗin ji a kasuwa, domin yawancinmu ba daga fada muka fito ba.

Me ya hana a rubuta? Kuɗi. Labarin masarautar da ba ta da suna ana iya gama shi a kan katifa cikin mako biyu. Labarin Adar kuwa sai an shiga mota an je Illela, an zauna da makaɗan fada da tsofaffi, an tambayi irin zanen da amarya take ɗaurawa a wancan zamani da abin da ake biya sadaki kafin zuwan takardar kuɗi. Marubuciya ta gama wannan wahala ta sa littafinta a kasuwa, washegari wata ta biya sau ɗaya ta tura wa mutum ɗari kyauta, wani kuma ya karanta a YouTube ya ci kuɗin talla bai ko gaishe ta ba. 'Yar kasuwar da aka taɓa ɗebe wa albasa a buhu ta san sunan wannan aiki. Ga shi kuma mun dogara kacokan a kan Kano, abin da rufe iyaka na 2019 da na 2023 ya nuna mana haɗarinsa a kowane irin kaya. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma doka ba ta rubuta littafi, kuma marubuciyar Kano ba za ta san Majiya fiye da 'yar Malbaza ba.

Saboda haka kiranmu ga 'yan kasuwa ne, tun da su ne masu sauraro kuma su ne masu abin hannu. Alhazan albasa da suke ɗaukar nauyin kokawa da ƙwallon ƙafa za su iya ware kuɗin buhu kaɗan bayan kaka su sa gasar rubutu a kan tarihin Ƙonni da Malbaza da Illela, kamar yadda BBC Hausa ta fara Hikayata don mata a 2016, da sharaɗin gari ya zama na gaske kuma zamani ya zama sananne. Ƙungiyoyin adashi na mata za su iya haɗa jika guda guda su sayi littafi daga hannun mai shi maimakon jiran na sata. Gidajen rediyon yankin nan kuma su yi yarjejeniya da marubuci kafin su karanta aikinsa, a raba kuɗin tallan da shirin ya kawo. Aikin da ya fi gaggawa kuwa ba ya buƙatar ko dala: kowace mai salula da take da tsohuwa a gida ta zaunar da ita bayan sallar isha'i, ta danna ɗaukar murya, ta tambaye ta abin da kakarta ta gaya mata game da shekarar da Nasara suka shigo Ƙonni, da yadda aka yi auren mutanen gidansu bayan an dawo daga gudu.