Gidan Yari Ba Rumbun Mantuwa Ba Ne

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutane, daga Jibiya har cikin birnin Katsina. Da an kama ɓarawo, ko ɗan ƙauraye, ko yaron da ke kai wa 'yan fashin daji man fetur, sai a ce, "A jefa shi kurkuku, a huta." Masu faɗin haka suna tsammani da an rufe ƙofar gidan yari magana ta ƙare. Wannan kuskure ne babba, domin kuwa sau da yawa a nan maganar ta ke farawa.

Mai shakka ya dubi abin da ya faru a ƙasar Birazil. A shekarar 1992 'yan sanda suka shiga kurkukun Karandiru na birnin Sawo Polo, suka kashe fursuna 111. Shekara na zagayowa, watau 1993, sai fursuna 8 a kurkukun Tawubate suka ƙulla wata ƙungiya mai suna PCC, wai don kare kansu daga zalunci. Suka yi doka, suka yanka wa kowa kuɗin wata. Wanda aka sallama kuwa ba ya fita daga ƙungiya, sai ya koma unguwarsu ya zama wakilinta.

Ga inda ƙarfinsu ya ke. Ɓarawon da ke waje ya san ko ba daɗe ko ba jima zai koma ciki. In ya saɓa wa manyan ciki, to, da wa zai kwana ranar da aka kama shi? Saboda haka mutumin da ke kulle ya zama shi ne ke mulkin mutumin da ke sake. A watan Mayu 2006 umarni ya fito daga kurkuku, aka yi ta ƙona motoci ana harbin 'yan sanda, ɗaruruwan mutane suka halaka. A 2016 PCC ta ɓata da wata ƙungiyar irinta ta birnin Riyo, aka shiga yaƙin ƙwace hanyoyin bakin iyaka inda ƙwaya da makamai ke wucewa. Ranar 1 ga Janairu 2017 an kashe fursuna 56 a kurkukun Manawus saboda wannan gaba.

To, me ya haɗa wannan da Jibiya? Bakin iyaka ne ya haɗa su. Ƙungiyar ɓarayi ba ta faɗa a kan ƙasar banza, sai inda kaya ke wucewa. Daga Magama zuwa Ɗan Isa har Maraɗi hanya ce ta fatauci tun kaka da kakanni. Da aka rufe iyaka a watan Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020, aka sāke rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, 'yan dako da direbobi suka rasa abin yi, fasa-ƙwauri ya ƙara daraja. Ga dajin Rugu a kusa, cike da 'yan bindiga, har a 2021 gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure. Itace ya taru, wuta kaɗai ta rage.

Gaskiya ne ƙungiyoyin dajin ba a kurkuku aka haife su ba. Amma a duba yadda ake tsare mutane a Nijeriya. Kusan biyu cikin kowane fursuna uku ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a su ke yi, waɗansu shekara da shekaru. Yaron da ya saci akuya yana kwana ɗaki ɗaya da wanda ya ƙware a satar mutane. In wannan ne ke ba shi sabulu da ragowar tuwo, ranar da ya fito wa zai nema? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kuma kada a manta da daren 5 ga Yuli 2022, sa'ad da mayaƙan ISWAP suka fasa kurkukun Kuje kusa da Abuja, fursuna fiye da 800 suka tsere. Na waje ba su manta da na ciki ba. Hukuma ce da jama'a suka manta.

Waɗansu kuma suna cewa maganin abin shi ne a saki tsararru in an yi sulhu, kamar yadda aka yi musayar mutane a Katsina a 2019. Ba mai ƙin ganin ɗan'uwansa ya dawo gida. Amma sakin da ba alƙali ya yi ba, darasi ne mugu. Yana koya wa fursuna cewa ubangidansa na daji ne zai fid da shi, ba shari'a ba.

Abin yi a fili ya ke. A raba ƙaramin mai laifi da babba. A gaggauta shari'a, mai laifi ya san wa'adinsa, marar laifi ya koma gonarsa. A koya wa fursuna karatu da sana'a, ɗinki ko sassaƙa ko gini. A biya gandirobobi yadda ba za su sayar da ƙofa ba. Tun 1968 gidajen yari suka fita daga hannun En'e suka koma na Gwamnatin Tarayya, amma gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon kafa nasu, don haka uzurin cewa aikin Abuja ne ya ƙare.

Saura aikin jama'a. Wanda ya gama wa'adinsa ya dawo, in mai unguwa ya kau da kai, maƙwabta suka hana shi aiki da aure, akwai masu jiransa da hannu biyu a bayan gari. Gemun Birazil ya kama da wuta. Ya kamata Jibiya ta shafa wa nata ruwa.