Zuwa ga 'Yan Kabu-Kabu da Masu Adaidaita Masu Kai Kaya Kara-Kara

 

Na san abin da ke cusa ku cikin lungu. Mai shago ya yi sayayya a Kasuwar Dole, yana so a sauke masa buhu a bakin ƙofa. Wata ta biya kuɗin jarkokin ruwa, kuma a Damagaram ba a wasa da ruwa. Kai kuwa hankalinka na kan litar da ka saya wurin ɗan ruwa-ruwa da kuɗin da za ka kai wa mai babur da magariba.

Amma ku tuna su wa ke bin lungunan nan. Kara-Kara wuri ne da aka keɓe wa masu kuturta tun asali, kuma har yau iyayenmu da cutar ta taɓa suna nan, ga makafi da 'yan jagoransu, ga guragu a kan keken hannu. Kuturta tana kashe jin zafi. Tsohon da salansarka ta goga wa ƙafa ba zai ce wayyo ba, domin bai ji ba, sai bayan kwana uku a ga miki. Ni da idona na ga wata dattijuwa ta manne da katanga, ta ɗaga sandarta sama, adaidaita mai jarkoki ya wuce ya yage mata gefen zane. Direban bai waiwaya ba, na kuma yarda bai sani ba.

Don Allah ku tsaya a bakin lungu, ku kashe inji, ku kira mai kaya a waya. Yaran unguwa na da baro, dala ashirin ko talatin ta ishe su, amma ku gama wannan magana da mai kaya tun a kasuwa. Ɗan kabu-kabu in dole ne ya shiga, ya sauka ya tura. Da damina kuwa taya kan haƙa kwari, ruwa ya bi ya kwanta a gindin ginin ƙasa. Mai naƙuda da marar lafiya daban ne, ku kai har zaure.

Da yawanku 'yan nan ne, kun ga yadda Aicha Macky ta nuna wa duniya samarin unguwar a fim ɗinta na 2021. Ku ɗauki maganar shiga lungun nan ku kai wa shugabannin tasharku, su zauna da mai unguwa a tsayar da wurin sauke kaya a bakin kowane lungu kafin ruwan bana ya sauka.

Naku,
wani yayanku a unguwa