Waiwaye: An Ba Su Mabuɗi, An Bar Su da Rufi

A garin Sevenoaks na ƙasar Ingila akwai filin wasan kurket mallakar majalisar garin. Kulob ɗin da ke wasa a wurin yana biyan haya duk shekara, kuma hayar ƙwayar masoro biyu ce, ɗaya ta fili, ɗaya ta ɗakin 'yan wasa. A dokar ƙasar, yarjejeniya ba ta ƙulluwa sai kowane ɓangare ya miƙa wani abu, ko da bai taka kara ya karya ba. Da irin wannan hayar ta jeka-na-yi-ka ƙananan hukumomin Ingila suka daɗe suna ba ƙungiyoyin sa-kai ɗakunan taro da filaye.

Abin ya zama manufar gwamnati a 2007, lokacin da Barry Quirk, shugaban ma'aikatan ƙaramar hukumar Lewisham da ke Landan, ya miƙa rahoton da aka ɗora masa alhakin rubutawa. Hukuncinsa shi ne amfanin damƙa gine-ginen hukuma a hannun mutanen unguwa zai iya rinjayar haɗarinsa, muddin an yi shiri. Maganar ta yi daɗin ji. Sai ga 2010, gwamnatin David Cameron ta tsuke bakin aljihu, kuɗin da ake tura wa ƙananan hukumomi ya yi ƙasa sosai. Manufar da aka tsara don ƙarfafa jama'a ta rikiɗe ta zama hanyar sauke nauyi. A 2011 ita kanta Lewisham ta cire hannunta daga tafiyar da ɗakunan karatu biyar, ta bar wa ƙungiyoyi da 'yan sa-kai.

Ba zan ce duk asara aka yi ba. A unguwar Bramley ta birnin Leeds akwai wurin ninƙaya da aka buɗe tun 1904. Da hukuma ta fara rage masa lokutan aiki, mutanen unguwa suka haɗa kai suka karɓe shi haya a farkon 2013, suka cika shi da darussan koyon iyo da motsa jiki. Amma a lura, wurin ninƙaya yana da mai biya a bakin ƙofa. Ɗakin karatu fa? Wa zai karɓi kuɗi a hannun yaron da ya zo aron littafi?

A ganina, wanda ke son sanin ko alheri aka yi wa ƙungiya ko kaya aka jibga mata, kada ya tsaya kan kuɗin haya. Ya buɗe takardar ya nemi layi biyu. Na farko, gyara a wuyan wa yake? Yawancin irin waɗannan yarjejeniyoyi suna ɗora wa ɗan haya duk gyara da inshora. Ginin da ya haura shekara ɗari, tukunyar ɗumama ɗaki ta tsufa, wayoyin lantarki sun ruɓe, ruwa na ɗiga a kan kantar littattafai ana tara bokiti, sai a miƙa shi ga tsofaffi 'yan fansho da ba su da komai sai niyya. Kyautar doki ce ga wanda ba shi da harawa.

Na biyu, shekara nawa? Nan ne doka ta yi wata karkata da ba kowa ya lura da ita ba. Dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ta wajabta wa hukuma neman farashi mafi tsoka idan za ta rabu da kadara, sai dai in hayar ba ta wuce shekara bakwai ba. An sassauta a 2003, aka yarda a yi rangwame har na fam miliyan 2 idan don amfanin jama'a ne. Duk da haka gajeriyar haya ta fi wa jami'i sauƙin sa hannu. Ita kuwa ƙungiya, babu gidauniyar da za ta ba ta kuɗin sabon rufi a ginin da za a iya karɓewa nan da shekara biyar. Ga mabuɗi a hannu, ga ƙofar tallafi a rufe.

Ko mallaka ɗungurungum ma ba ta isa ba, in babu kuɗin gudanarwa. Gadar shaƙatawa ta bakin teku a Hastings ta ƙone a 2010. Hukumar garin ta karɓe ta da ƙarfin doka, ta damƙa wa wata ƙungiyar agaji a 2013, asusun cacar ƙasa mai kula da kayan tarihi ya zuba sama da fam miliyan 11. An sake buɗe ta a 2016, a 2017 ta ci kyautar Stirling, babbar kyautar zanen gine-gine ta Birtaniya. Kafin shekarar ta ƙare ƙungiyar ta durƙushe, domin an tanadi kuɗin gini, ba a tanadi na albashi da kula da ƙarafan da gishirin teku ke ci kullum ba. Mutanen gari suka yi karo-karo don su saye ta, ba su samu ba. A 2018 aka sayar wa wani ɗan kasuwa a kan kuɗin da bai kai fam dubu 100 ba.