FILIN MATA: Kek Na Tukunya Da Yashi

 

Yau zancenmu na kek ne, watau wainar nan ta Turawa da a ke yi wa yaro ran da ya cika shekara. Dā sai a gidajen manyan ma'aikata na Gusau a ke ganinsa, amma yanzu ya iso mu nan Tsafe, ya kai Bungudu, har ƙauyuka. Yarinya ta ga an kawo wa wata a ajinsu, ta komo gida ta tasa uwa da kuka. Uwa kuwa ba ta son a ce 'yarta ce koma baya, sai ta taɓa kuɗin adashi, ko ta ci bashi, ta aika Gusau a yi mata. Kafin mota ta iso da shi rana ta narkar da adon, sunan yarinyar ma ba ya karantuwa. To, ni dai ban ga dalilin wannan wahala ba. Duk macen da ta iya alkubus da alkaki ta iya kek, sai dai ba a nuna mata ba.

Na san akwai gidajen da ba a yarda da bikin ranar haihuwa ba, akwai kuma malaman da ba su son sa. Wannan magana ce tsakaninki da maigida da malaminku, ba ni da fatawa a kai. Al'adar kam baƙuwa ce, masu tarihi sun ce daga Jamus ta fito. Amma shi kek abinci ne kurum, ana iya yi wa yaro ran da ya haye izifi, ko ya kai azuminsa na farko, ko ya ci jarrabawa. Abu guda na ke roƙo, ko kina yin bikin ko ba ki yi, ki san ranar da aka haifi ɗanki. Mu malaman makaranta muna shan fama. A kawo yaro aji ɗaya, ka tambayi shekarunsa, a ce ai an haife shi da kaka, bayan goyon ƙanen wane. Allurar ƙyanda a wata 9 a ke yin ta, shiga firamare a shekara 6, duka da lissafi su ke tafiya. Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ita ke ba da takardar haihuwa. Ki sa a karɓo, ki adana a cikin akwati.

Sai mu koma madafi. Asalin ma'aunin kek mai sauƙi ne: bota da sukari da fulawa da ƙwai, nauyinsu ɗaya. Tun da ba kowa ke da sikeli ba, sai mu auna da ƙaramin gwangwanin madarar ruwa. Ki sami bota ƙulli ɗaya mai giram 250, fulawa gwangwani 3 a shafe ba tozo, sukari gwangwani ɗaya da rabi, ƙwai 5, da bekin fauda ƙaramin cokali 2. Na rage sukarin da gangan domin na yara ne, kuma adon sama ma sukari ne. In ƙwan kajin gida ne ko na zabi, ki sa 6 ko 7, don sun fi ƙanana. Ki jefa su a ruwa tukuna: wanda ya nutse ya kwanta mai kyau ne, wanda ya taso sama ki yar. Ko bayan haka ki riƙa fasa kowanne a wani ɗan kwano dabam kafin ki zuba, kada bara-gurbi guda ya ɓata miki bota da sukari.

Shi bekin fauda aikinsa shi ne ya fitar da iska cikin kwaɓin in ya ji ruwa da zafi, iskar ce ke sa kek ya tashi. Wani mai haɗa magunguna a Birmingham ta Ingila, Alfred Bird, shi ya haɗa irinsa a 1843 saboda matarsa yis ba ya karɓar jikinta. Ga miji! In naki ya daɗe a gida, ki gwada shi: ki zuba kaɗan a ruwan zafi, in bai yi kumfa ba ya mutu, ki sayi wani. Kada ki ce za ki sa kanwa a madadinsa, za ta ba ki ɗaci da baƙin launi.

Aikin da ya fi wuya shi ne bugun bota da sukari. Ki zuba su a kwano mai zurfi, ki yi ta bugawa da muciya ƙarama ko cokalin katako har sai sun yi fari sun yi sako-sako, kamar minti 15. Nan ne 'yammata ke gajiya su tsaya, kek kuwa ya fito da nauyi kamar tubali. Da hunturu bota kan daskare, sai ki ɗan ajiye shi kusa da murhu ya saki, amma kada ya narke ya zama mai. Da bazara kuwa, watan Maris da Afrilu, ki yi aikin da sassafe tun gari bai ɗau zafi ba. In ya bugu sai ki sa ƙwai ɗai-ɗai, kina bugawa bayan kowanne. Sa'an nan ki tankaɗe fulawa tare da bekin fauda, ki zuba kashi uku, kina juyawa a hankali daga ƙasa zuwa sama. Daga nan kuma babu sauran bugu. In kika tuƙa shi kamar tuwo zai yi danƙo, iskar da kika sha wuyar tarawa ta fice. In ya yi kauri, ki ɗiga madara cokali 2 ko 3, har ya zama in kin ɗaga cokali ya faɗo da kansa. Don ƙanshi, ki goga bayan lemun tsami kaɗan ki zuba.

Kwanon gashi kuwa, kowane kwanon silba mai faɗin baki ya isa. Ki shafe shi da bota, ki barbaɗa fulawa, ki kakkaɓe. In za ki shimfiɗa takarda a gindi, ki sa fara, ba jarida ba, saboda tawada. Kada ki cika shi, ki bar kashi ɗaya cikin uku don tashi. In yara da yawa ne, gwangwanayen da ki ke alkubus da su sun fi, kowa da nasa, babu rigimar na wane ya fi girma. Gwangwanin fenti ko na maganin feshi kam, ko an wanke sau goma, kada ya kusanci abinci.

Yanzu ga babbar dabarar. Ki sami babbar tukunya mai murfi da ya zauna sosai, ki zuba yashi a ciki kaurin yatsa uku, ki rufe, ki ɗora a kan garwashi kamar minti 15. Ki jera 'yan duwatsu uku a kan yashin, kwanon kek ya hau kansu, don kada gindinsa ya ƙone. Yadda za ki san zafi ya yi daidai, ki barbaɗa fulawa kaɗan a murfin gwangwani ki sa a ciki. In ta yi ruwan ƙasa cikin minti 5, ya yi. In ta yi baƙi nan da nan, ki janye wuta. Gawayi ya fi itace domin wutarsa ba ta tashi ta faɗi. Ki sa kek, ki rufe, ki ɗora garwashi kaɗan bisa murfin domin saman ya gasu. Sa'an nan ki kama kanki. Rabin sa'a na farko kada ki buɗe, ko yara sun dame ki, don iska mai sanyi na shiga tsakiyar za ta faɗa. Babban kek ya kan ɗauki minti 45 zuwa sa'a guda, na gwangwani kamar minti 25. Ki soka tsinke mai tsabta a tsakiya, in ya fito a bushe ya nuna.

A nan ina so ku saurare ni da kyau, domin mu mutanen Zamfara ba a ba mu labarin gubar dalma. A 2010 yara wajen 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda duwatsun zinariya da a ke dakawa da niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa da abinci ta shiga cikin yara. Dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, wanda ya tsira kuma ta kan taɓa masa ƙwaƙwalwa. Saboda haka yashin da za ki zuba a tukunyar abinci ki san inda aka ɗebo shi. Kada ya fito daga wurin da a ke wanke zinariya ko zubar da dagwalonta. Ki wanke shi, ki shanya, ki ajiye shi don wannan aiki kaɗai. In kina shakka, ki sa gishiri a madadinsa, aikinsu ɗaya, kuma gishirin zai yi miki gashi da yawa. Haka turmin da za ki daka sukari: in an taɓa daka dutse a ciki, ya tashi daga turmin abinci har abada.

Sai ado, wanda shi ne abin da yara su ke jira. Ki bari kek ya huce sarai, in ba haka ba kome kika shafa zai zube. Garin sukari mai laushi ana sayarwa, in kuma babu ki daka sukari ki tace da ƙyalle mai laushi sau biyu. Da hunturu ki buga bota kashi ɗaya da garin sukari kashi biyu, ki shafe kek da bayan wuƙa. Da zafi kuwa ki bar bota, ki dama garin sukari da ruwan lemun tsami ɗigo-ɗigo har ya yi kaurin kunu, ki zuba a sama, zai bushe ya yi ƙyalli, rana ba ta narkar da shi. Akwai wanda a ke yi da ɗanyen farin ƙwai, ban ba ku shawararsa don ƙananan yara ba, ɗanyen ƙwai na iya kawo gudawa da zazzaɓi.

Launi shi ne inda mata ke yin ganganci. A sayo wani gari a ƙulle a leda, ba suna ba lambar NAFDAC, ba a san ko na abinci ne ko na rini ba, a zuba wa ɗan shekara uku. Alhali kuwa launi yana cikin ɗakinki. Ki jiƙa zoɓo kaɗan a ruwan zafi ya yi kauri, ki ɗiga cikin sukarin, zai ba ki ja-ja mai kyau, lemun tsami kuma ya ƙara masa haske. Amma cikin adon za ki sa, ba cikin kwaɓin ba, don in ya gamu da bekin fauda ya kan dushe ya koma toka-toka. Kurkum ɗan kaɗan a bakin cokali ya ba ki rawaya, garin koko ya ba ki ruwan ƙasa. Uku sun isa.

Ki zuba a leda mai tsabta, ki yanke kusurwa kaɗan, kin sami alƙalami. Wadda ta iya zanen lalle ba ta bukatar malami a nan, hannun ɗaya ne. Ki duba zanen ƙwarya da na faifai da dagin Arewa, sun fi mini hoton aljanun talabijin nesa ba kusa ba. Ku 'yan makaranta, rubuta sunan ƙanenku aikinku ne, da boko ko da ajami. In hannu na rawa, ki yanke lambar shekarun a takarda, ki ɗora a kan kek, ki barbaɗa garin sukari ta rariya, ki ɗauke takardar a hankali. Gefe kuma ki jera dabino yankakke ko kwakwa gogaggiya.

Gyaɗa guda-guda da alewa mai tauri kada su hau kek ɗin yaron da bai kai shekara 5 ba, suna shaƙe yara. In kina son gyaɗa, ki daka ta lukui. Zuma kuwa likitoci sun hana ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. Shi ma mai shekara ɗaya ɗin, gaskiya bikin na uwarsa ne, shi bai san ana yi ba. Ki ɗanɗana masa tsakiyar kek ba tare da adon ba, ya koma ga nono da kununsa. Kyandir ba dole ba ne. In an kunna, babba ya tsaya a kai, a janye mayafai da gyale, a kashe nan take.

Wajen rabo ki yanka ƙanana, kek mai giram 250 na bota ya kan isa yara 15. Ki fara da 'ya'yan abokiyar zama kafin naki, ki aika wa kakarsu da maƙwabta a faifai, almajirin gida ma a ba shi nasa. Abin da ya rage ki rufe a langa, ki ɗora langar cikin faranti mai ruwa saboda tururuwa da kiyashi, a cinye cikin kwana uku. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda a ke yanka rigar makaranta ta yarinya daga yadi biyu.