Suna ba hujja ba ne

Masu wa'azin bishara sun riƙe Ishaya sura ta 7, aya ta 14, wai ita ce shaidar Allah ya zama mutum. To, a karanta surar duka mana! Sarki Ahaz na Yahuda aka ba wannan alama, wajen shekara 734 kafin haihuwar Almasihu, sa'ad da sarakunan Suriya da Isra'ila suka yi masa taron dangi. An ce masa tun yaron bai yi wayo ba za a ga bayansu. Alamar da za ta jira ƙarni 7, me za ta tsinana wa Ahaz? Immanuwel kuwa suna ne, ma'anarsa Allah na tare da mu. Isma'ila ma, Allah ya ji ke nan. Wa ya taɓa bauta masa? Mai neman tushen wannan aƙida ya nufi Linjilar Yohanna, ya bar Ishaya ya huta.