A koya wa ma'aikatan ɗakunan karatunmu rubutu a Wikipedia

Malam Edita,

Ina neman fili in yi kira ga hukumomin ilimi na jihar Maraɗi. Tun 2016 ma'aikatan ɗakunan karatu a duniya ke da gangami duk shekara, kowa ya ƙara wa Wikipedia madogara ko da guda ɗaya ce. Ƙungiyar AfLIA mai hedikwata a Akara ta horar da takwarorinsu na Afirka kan wannan aiki. Me zai hana namu?

Yaranmu na sakandare suna lalube a waya, su tarar da labarin Faransa jingim, amma na Kornaka da Birnin Lalle da kwarin Tarka ɗan tsirit ne. Ga gandun dajin Gadabeji nan arewa da mu a Dakoro, wanda aka keɓe tun 1955, aka kai masa raƙuman dawa daga Kure a 2018. Wa ya fi cancantar rubuta wannan da Hausa in ba mai riƙe da littattafan ba? Shi ya san shafin da zai kafa hujja da shi.

Don Allah Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta shirya wa ma'aikatan ɗakunan karatunmu horo, a haɗa musu da kwamfuta da kuɗin intanet.

Naku,
Mai karatu daga Dakoro